Layar da ta Toshe Kilim

Sallau bakanike bai san saurayin da ya kawo tsohuwar motar nan garejinsa na Dogon Dutsi ba. Dogo ne mai gemu, wandonsa iya ƙwauri, irin samarin kasuwa masu riƙo da sunna. Yana zaune, tafin hannunsa a bakin kilim, na'urar sanyaya motar, yana jiran sanyin da ya ƙi zuwa.

"Baba, iska ba ta fitowa. Gobe zan kai tsohona asibiti Dosso, ba ya jure zafi."

Sallau ya duba gas, lafiya lau, fanka ma tana juyawa. Sai da ya kwance bututun iskar ya zaro abin da ya toshe shi: laya ce naɗe cikin ƙyallen atamfa, ƙura ta lulluɓe ta. Ya zaci saurayin bola zai jefa ta. Sai ya ga yana shafa ƙyallen da babban yatsa.

"Zanen Inna ne. Bara ta rasu. Sau nawa na yi mata faɗa a kan irin wannan."

Wataƙila a ɓoye ta cusa ta, ranar da ya sayi motar. Sallau ya mayar da bututun, yanzu sanyi yana busowa. Saurayin ya sa layar a aljihun ƙirji, bai ɗauke hannunsa daga kanta ba.