Matar da ta ɗora mana zarra a tafin hannu

Shekara talatin da takwas ke nan Malama Yordanka Peycheva tana sauka daga bas ɗin farko a ƙofar makarantarmu ta makafi, a nan Bulgeriya, riƙe da jaka biyu. Tun daga bene muke gane isowarta, don jaka ɗaya ƙarar wayoyin ƙarfe take yi, ɗayar kuma ƙamshin burodi. Yanzu sai ta huta sau biyu kafin ta kai hawa na uku. Likita ya ce ya isa haka, ranar Juma'a za ta ajiye aiki a tsakiyar zango.

Ni ɗalibarta ce a da, yau ni ke kula da ɗakin littattafai, kuma ni ma gwiwoyina sun soma ƙara.

Mako huɗu take yi tana koyar da tarihin ƙwayar zarra. A na farko sai ta sa mana ƙwallon katako a hannu. "Ga ta nan, dunƙule guda, ba ta rabuwa. Haka masana suka fara cewa." Mu haddace, mu ji mun zama malamai. Mako na zagayowa ta ƙwace. "Sun yi kuskure." Ta raba mana burodin bikin Ista mai zabibi, ta ce zabibin nan su ne ƙananan ƙwayoyin lantarki da aka gano a ciki. "Ku cinye, 'yan kwaɗayi, wannan ma bai daɗe ba." Na uku zobba ne na waya da maɓallai, da ƙwayar wake a tsakiya, yatsa ya yi ta ratsa fili ba ya taɓa komai. Na huɗu gashin tumaki ne da ta tsefe da hannunta, cunkus a ciki, shara-shara a baki, har ka rasa inda ya ƙare.

Ina aji ranar da wani mai duba makarantu ya zo.

"Haba Malama, ina makaho ina zarra? Ki bar su su koyi tausa."

"Ranka ya daɗe, kai ka taɓa ganinta?"

"A'a."

"To waɗanda suka gano ta ma lalube suka yi. In kuwa lalube ne, yarana sun fi ka."

Ke ce, Malama, kika koya mana cewa mutum zai iya sakin abin da ya riƙe in an kawo wanda ya fi shi, ba tare da kunya ba. Uwar masu lalube, mun gode.

Sai dai raina a ɓace yake. An yi cigiyar wanda zai gaje ta sau uku, ko mutum ɗaya bai zo ba. Shugaban makaranta ya ce in zango ya ƙare a haka, za a soke darasin.

Jiya ta turo mini kwalayen kayan koyarwarta. "Nevena, 'yata, na gaji. Yatsun nan sun daina lanƙwasa waya. Ki hana asu cin gashin nan."

Ku da kuka karanta kimiyya kuke da sauran ƙarfin hawa bene, ku zo. Kwalayen suna ƙarƙashin teburina. Yara goma sha ɗaya sun tsaya a mako na biyu, har yanzu sun ɗauka zarra burodi ce.