Mudun Etelka da Sikelina

Etelka Bognar ta yi shekara talatin da huɗu tana girki a makarantar firamaren garinmu, a cikin tuddan Zala. Duk wanda bai haura hamsin ba a garin nan ya ci miyar wakenta, ya kuma sha faɗanta. Gajeriya ce mai kaurin damtse, muryarta kuwa daga kicin ake jin ta har filin ƙwallo. Babba da yaro Etelka neni suke ce mata, wato inna Etelka, har magajin gari, kamar yadda ni ake ce mini Vilmos bachi, wato kawu Vilmos. Ni kaɗai nake kiran sunanta zalla don ajinmu ɗaya, ita kuma takan ce mini "mai magani", saboda ni nake riƙe da kantin maganin garin kafin in yi ritaya.

Mijinta Gaspar ma'aikacin gandun daji ne, kuma shi ya kafa ƙungiyarmu ta masu harbi da bindigar ɗuri, irin ta kakanni mai dutsen ƙyastu, wadda ake zuba wa albarushi ta baki, a ɗora dalma a tura da sanda. Mu tara ne, duk Asabar muna haɗuwa a tsohon ramin fasa dutse na bayan gari. Etelka ba ta taɓa leƙo mu ba sai bayan rasuwarsa, ranar da ta zo da bindigar naɗe cikin bargo, ta ce mu karɓa, ta tare mata bayan ƙofa.

Tibor, shugabanmu, ya ce, "Etelka neni, ki harba ko sau ɗaya ne, ki yi mata ban kwana."

Ya ɗura mata, ya nuna mata yadda ake riƙewa. Ta harba. Da hayaƙi ya washe muka ga huda a cikin baƙar da'irar allon da ake harbi, daga mita hamsin.

Ta dubi allon, ta dube mu. "Shi ke nan? Don wannan yake bari na da ciyawar lambu duk Asabar?"

Ta mayar da bindigar cikin bargo ta tafi da abarta. Kafin bazara ta yi jarrabawa ta karɓi takardar izini, muka koma mu tara kamar da.

Dokar wajenmu ita ce kowa ya zo da albarushinsa a rarrabe daga gida, na kowane harbi a 'yar kwalbarsa. Harbi goma sha uku ake yi, a ƙirga goma mafi kyau. Yadda mutum zai raba albarushin kuwa ruwansa ne, kuma a nan muka rabu gida biyu. Akwai masu awo da mudu, akwai masu ɗorawa a sikeli. Masu sikeli mu biyu ne, ɗayan kuma ya daina zuwa.

Sikelina na kantin magani ne, mai gidan gilashi, wanda ko gashin gira ya faɗa masa sai allurarsa ta motsa. Ranar Juma'a da hantsi nakan rufe tagogi, in kori kyanwa, in roƙi matata Piroska kada ta yi tafiya a falo don katakon ƙasa yana girgiza. Da ɗan hantsaki nake ƙara ƙwaya ɗaya ko in cire ɗaya, ina riƙe da numfashi. Kwalba goma sha uku, awa uku.

Etelka kuwa ɗan guntun ƙahon barewa gare ta, wanda Gaspar ya rarake da hannunsa. Ta zuba ya yi tozo, ta share bakin da bayan wuƙar katako, ta juye. Tana gamawa kafin kwaɓin burodinta ya tashi.

Abin ya tsaya mini a rai. Har lacca na yi wa 'yan ƙungiya, da zane a kwali, na nuna musu cewa mudu maƙaryaci ne: yau ƙwayoyin su kwanta, gobe su bar iska a tsakaninsu, kai kuwa ka ɗauka daidai ka zuba. Etelka tana zaune a gaba tana raba pogaca, 'yan burodin nan nata masu gishiri. Da na gama ta ce, "Sannu da ƙoƙari, mai magani. Ci ɗaya, bakinka ya bushe."

Shekara takwas tana doke ni, ba Asabar ɗaya da na wuce ta. Ni kuwa ban taɓa rasa dalili ba. Wata rana iska ce, wata rana rana ce ta dakar mini ido. Na canza tabarau sau biyu, na auna dalmar ma ɗaya bayan ɗaya, na zubar da rabi. Har takarda na rubuta wa maƙerin bindigata ina zargin bututun da karkata. Ya amsa mini cikin ladabi, ya ce in ba wani ya gwada. Ban ba kowa ba.

A shekara ta tara albarushin da muka saba saye ya yanke, Tibor ya samo mana na wani kamfani. Ranar Alhamis sai ga Etelka a ƙofar gidana, da gwangwani a jaka da ƙahon a aljihu.

"Mai magani, fito da abin bautar nan naka. Sabon nan ya fi nauyi a hannu, ban yarda da shi ba."

Na ji kamar an naɗa ni sarauta. Na rufe tagogi, na zaunar da ita, na fara bayani.

"Bar wa'azin," ta ce. "Auna."

Ta fara da ragowar tsohon albarushi. Ta cika ƙahon sau goma, ina ɗora kowanne a sikeli. Na farko da na biyu allura ta tsaya wuri ɗaya. Na uku ma haka. Duk goman, bambancinsu bai kai abin da zan ɗauka da hantsaki sau biyu ba. Na goge sikelin, na duba ko teburin ya karkace, na ce mu sake. Muka sake.

"Lafiya? Ka yi gumi."

"Yaya kike yi?"

"Yaya nake yi? Yara ɗari biyu nake zuba wa miya kullum, ludayi ɗaya ya fi wani cika ka ji kuka har ofishin hedimasta. Zubi ɗaya, hannu ɗaya, ba girgizawa. Auna sabon."

A nan dai na samu abin riƙewa. Sabon albarushin ya fi tsohon nauyi a cikin ƙahon, kuma ba kaɗan ba. Da ta ɗura shi yadda ta saba, da harbinta ya tashi sama, kafaɗarta ma ta ji a jika. Ta nemi kyandir wajen Piroska, ta ɗiga kakinsa a gindin ƙahon, muna aunawa tana ƙarawa, har ya dawo daidai da nauyin da.

"To, ka ga amfanin sikelinka," ta ce. "Sau ɗaya a shekara tara. Na gode."

Kafin Asabar babu wanda bai ji ba, har mai sayar da nama: Etelka neni da kanta ta zo wajen sikeli. Na isa ramin dutse da sabuwar hula. Ta ci maki tamanin da tara, na ci sittin da ɗaya.

Ban jira aka watse ba. Na same ta tana wanke bututu da ruwan zafi, na ce, "Etelka, don Allah gaya mini gaskiya. Me yake damun bindigata?"

"Bindigarka lafiyarta ƙalau."

"To albarushin?"

"Albarushinka ko a coci aka ajiye shi ya isa. Kawo ta nan. Juya baya, ni zan ɗura maka."

Na juya. Na ji ƙarar sanda tana shiga tana fita, ta miƙo mini. Mutane suka taru. Na saita, na ja kunama. Dutse ya ce ƙyas, ba wuta, ba ƙara, don ba ta zuba komai ba. Sai na tsinci kaina idanuna biyu a runtse, kafaɗa a maƙale da kunne, bakin bindiga yana kallon ciyawar gabana.

Tibor ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki don dariya.

"Kun sani?" na tambaye su.

"Vilmos bachi, tun zamanin Gaspar," in ji Tibor yana share hawaye. "Mun ɗauka addu'a kake yi."

"Me ya hana ku faɗa mini?"

"Wa zai faɗa? Kai ne mai ba mu maganin hawan jini."

Etelka ba ta yi dariya ba. Ta ce wutar da ke tashi kusa da fuska ce nake tsoro, kuma ita ma tana tsoronta, sai dai ta saba da mai yana fallatsa mata daga kasko. Da na koma gida na ba Piroska labari, ko ɗagowa ba ta yi daga ɗinkinta ba. Ta ce ai ko kwalbar giyar shamfen ake buɗewa, murfin ya yi ƙara, haka nake yi, har a hoton bikinmu.

Etelka ce ta ɗauke ni almajiri. Ta sa guntun katako a madadin dutsen, ta ɗora maɓallin riga a kan bututu, ta ce in riƙa jan kunama a gida sau hamsin kullum, kada maɓallin ya faɗi. Tsawon wata guda kyanwa tana wasa da maɓalli a ƙarƙashin kujera. A wata na uku na fara ganin wutar da idona, karon farko cikin shekara ashirin. Ashe kyakkyawa ce.

Tana da shekara sittin da tara ta je gasar ƙasa, ta zo ta huɗu a cikin mata da maza. Da ta dawo ba ta ce komai a kan harbin ba, sai ƙorafin naman da aka ba su, wai an ƙona jan barkonon. Bayan shekara biyu gwiwa ta hana ta tsayuwa, 'yarta ta zo ta tafi da ita birnin Gyor. Bindigar da ƙahon suna wajen surukinta, ita kuma tana can tana gyara wa maƙwabta girki ba tare da sun tambaye ta ba.

Kakar bara na zo na uku a gasar ƙungiya, aka ba ni 'yar takarda mai hatimi. Tun a mota na buga mata waya.

"Etelka, na uku!"

Ta ce, "Madalla, mai magani. Su wa da wa ba su zo ba?"

Na lissafa mata su, su biyar daga cikin mu takwas da muka rage.