Gaban Makarar Baba

Mahaifinmu dako ya yi a bakin kogin Gaya tun yana saurayi. Buhun albasa, buhun shinkafa, jarkar manja, babu abin da bai hau kansa ba, amma har ya tsufa wuyansa a miƙe yake kamar taɓarya. Abu ɗaya ya roƙe mu, ni da yayana, ya yi ta maimaitawa har muka haddace: ranar da ya rasu, mu biyu za mu riƙe gaban makara daga ƙofar gida har kushewa, kada mu sakar wa kowa. Haka shi da ƙanensa suka yi wa nasu uban.

Yaya kuwa bai taɓa ɗaukar abin da ya fi jakar takardu nauyi ba. Ya yi lakkwal, wato boko, aikinsa cike wa direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, takardun duwan, wato kwastan. Da sojoji suka karɓi mulki aka toshe gadar Malanbil ta kan iyaka, aikin ya tsaya cik. Abokansa wasu suka koma fito da kwalekwale, wasu suka shiga fadama. Shi ya ce hannunsa ba na laka ba ne. Ya kafa kujera a gindin dalbejiyar ƙofar gida, ya kifa kai a kan waya.

Wai bibiyar halin da ƙasa ke ciki yake yi. Ƙasar dai ba ta san da zamansa ba. Daga hantsi zuwa almuru haɓarsa na manne da ƙirji, kafaɗu sun rufto gaba, kullum yana da labarin cewa mako mai zuwa za a buɗe gada. In ka yi masa sallama, takalminsa yake amsa wa. Na raina shi, ban kuma ɓoye ba.

A masallaci na fara gane abin ya zama ciwo: wajen sallame salla sai ya juya da jikinsa duka, wuyan ya ƙi. Aka kira wanzami ya kafa masa ƙaho a ƙeya. Da wanzamin ya ce ya sunkuya, sai bawan Allah ya ga dama ta samu, ya zaro wayar. Ana zuƙe masa jini yana latse-latse. Daga baya likita a Dosso ya ɗauki hoton ƙashin, ya ce jijiya ce ta danne, shi ya sa hannun dama ke mutuwa. Ya hana shi sunkuyo, ya ba shi abin tallafe wuya. Yaya ya ɗauki hoto da shi ya aika wa jama'a, aka yi masa sannu, ya cire ya rataye a ƙusa don yana tare masa kallo.

Na ce, "Yaya, aje portabul ɗin nan ko na wata guda. Baba hwa jiki ya yi nisa."

Ya ce, "Kai mi ka sani?" Bai ɗago ba.

Baba da kansa, yana kwance, ya ce a miƙo masa wayar. Ya auna ta a tafin hannu, ya daɗe yana juya ta.

"Wagga aba ko ƙullin gishiri ba ta kai ba. Ita ta karya ka? Za ka iya ɗaukata kuwa?"

Yaya ya ce, "Haba Baba, wuya ne ke ciwo, ba kafaɗa ba."

Baba ya rasu wata safiya, aka sallace shi bayan azahar. Muka shiga gaba, ni hagu, Yaya dama. Ba mu kai kwanar masallaci ba na ji makarar ta karkace, na ji gawar ta zame ta bugi gefe. Mutumin da bai taɓa yar da kayan kowa ba, saura kaɗan ɗansa ya yar da shi a kan titi. Wani tsoho, abokin dakon Baba, ya sa kafaɗa ya ture Yaya. Da shi muka ƙarasa.

Yaya ya biyo baya, hannu na reto, kai a ƙasa. A hanyar dawowa na ji wani yana cewa, "Allah sarki, dubi babban, baƙin ciki ya hana shi ɗaga kai."

Ban gyara masa ba. A gabana ne dai aka rufe Baba, kuma ɗansa na fari bai iya ɗago ido ya ga wanda ya ɗaukar masa ubansa ba.