Ranar da sanƙira ya iso kan Habiba

Shekara tara ke nan da rasuwar Yaya Sani, kuma bana ne na fara tashi daga wurin addu'arsa ina jin kunyar kaina da ta dangina baki ɗaya.

Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, malamin tarihi a wata sakandare a unguwar Treichville. Shi ya fara shiga jami'ar gwamnati a gidanmu na unguwar Bromakoté, kuma har ya koma ga Allah, in zai ce "jami'armu" sai ya gyara zama. Yakan ce a can ya zauna benci ɗaya da ɗan minista da ɗan mai dako a tashar jirgin ruwa. Shi ya kawo mana al'adar nan: duk taron dangi, sanƙira ya kira yara ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi inda kowa ke karatu, liman ya sa albarka. Nufinsa yara su yi zuciya. Da ya rasu muka mayar da ita ranar addu'arsa.

Yau abin ya koma gasa. Yaranmu sun tattara sun nufi makarantun kasuwanci masu zaman kansu, har da Bashir ɗana, ba zan ɓoye ba. A kamfanin fiton kaya nake aiki, ina ganin wanda ake ɗauka: mai kwat, wanda makarantarsa ta riga ta samar masa wurin koyon aiki. Ɗan jami'a kan zo da kai cike da ilimi, amma ba wanda ya tsaya masa. Da Yaya na raye ba zai musa wannan ba. Zai dai zaunar da Bashir ya tambaye shi me ya karanta ban da dabarun ciniki.

Bana sanƙira ya riƙa jan sunayen makarantun nan da Faransanci, mata na guɗa. Da ya iso kan Habiba, autar Yaya, wadda ke karanta tarihi a jami'ar ubanta, sai muryarsa ta faɗi. "Habiba kuma tana jami'a," ya ce, "Allah dai Ya sa a gama." Wani Alhaji abokin cinikin mijina ya ce, "Tarihi? A kai yarinya inda ake koyon neman abinci mana." Aka kwashe da dariya. Ni ma na murmusa, wai don kada baƙo ya ji babu daɗi. Allah Ya yafe mini.

Da yamma na raka ta ta hau woro-woro, tasin haɗaka, zuwa gidansu a Williamsville. Kafin motar ta cika ta ce, rabi Hausa rabi Faransanci, "Gwaggo, ki taimake ni in koma makarantar su Bashir."

"Tarihin ne ba ki so?"

"Ina so. Amma ba na son baɗi a sake dariya a wurin addu'ar Baba saboda ni."

Tun daga ranar ba ta koma aji ba. Na je gidansu, na roƙe ta, ta ce tana tunani.

Ina zaune ina auna abin da ya rage na Yaya Sani. Littattafansa na cikin akwati, ɗalibansa sun watsu, al'adarsa kuwa mun riƙe ta har mun lalata ta. Abin da ya rage nasa mai rai yarinyar nan ce, kuma mu muka taru da sunansa muka fito da ita daga aji.