Idon Baba da Telan Cikin Littafi

Shekarar da na shiga aji huɗu na sakandare aka fara ba mu littattafan ƙagaggun labarai mu tafi da su gida. Kafin nan karatun da na sani shi ne na allo, da littattafan addini da Baba yake biya mana a zaure, sai abin da malamai suke rubutawa a aji mu kwafa. Makarantarmu ta jeka-ka-dawo ce a kan hanyar Tsanyawa. Gonaki muke ratsawa mu je, su muke ratsowa mu dawo, kuma babu gonar da ban san mai ita ba.

Littafin farko na Turanci ne, labarin wani mutum da ya bar gida ya shiga jirgin ruwa. Da ƙamus a gefe na karanta shi, kuma har na gama bai taɓa min zuciya ba. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin bayan garinmu ba, sai ga shafi bayan shafi ana kwatanta igiyar ruwa. Abin da ya dame ni shi ne mutumin ya tafi ya bar mata da 'ya'ya, kuma marubucin bai sake waiwayarsu ba. Wa ya yi musu noma? Me suka ci? Na yi wa malamarmu ta Turanci wannan tambayar, ta ce ba a kan wannan labarin yake ba. Sai na ɗauka haka littattafan labari suke: mutanen nesa, damuwar nesa, a haddace sunayensu a ci jarrabawa.

A zango na biyu malaminmu na Hausa ya kawo wani ɗan siririn littafi mai koren bango. Labarin wani saurayi ne tela, yana zaune da mahaifiyarsa, shi yake ciyar da ita. Tun babi na farko na ji daban. Mutanen ciki suna cin abin da muke ci, suna gaisawa yadda muke gaisawa. Har tsohuwar tana da halin wata gwaggota, wadda ba ta karɓar abu sai ta fara cewa ba ta so. Ina karantawa ina dariya ni kaɗai a bayan ɗaki.

A babi na uku idon telan ya fara ba shi matsala. Abin ya soma ne da zura zare a allura. Ya gwada ya kasa, ya sake gwadawa, daga ƙarshe ya ba maƙwabcinsa ya ce hannunsa ne ke rawa. Daga nan ya jawo keken ɗinkinsa bakin ƙofa don ya sami haske. Bai gaya wa kowa ba, balle mahaifiyarsa.

Baba malamin allo ne, manomi kuma. Da safe yaran unguwa suna zuwa karatu, da damina yana gona, da rani kuma bayan azahar yakan zauna ya yi ɗinkin hula. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, saboda haka bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai ya ce “uwata”. Ina tsakiyar karatun littafin nan, wata rana na kai masa ruwa zaure, ya miƙo min allura da zare.

“Uwata, zura min wannan. Kafar allurar ce ta cika ƙanƙanta.”

Na zura masa, na fito. Sai da na iso tsakar gida telan ya faɗo min a rai. Allurar da yake amfani da ita kullum ce, na san ta.

Daga ranar na shiga lura da shi. Na ga ya daina ɗinki a cikin zaure, ya koma shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Na ga in zai duba littafi yana miƙar da hannu, ya nisanta shi da fuskarsa, ya ƙanƙance ido. Wata yamma ya nemi in karanta masa saƙon da aka turo masa a waya, ya ce rubutun zamani ba shi da kan gado. Duk abin da na gani a wurinsa, sai in tuna na riga na karanta irinsa, ko in same shi a shafin gaba. Da na kai inda telan ya yanka yadin wata amarya a karkace saboda bai ga layin alli ba, sai na rufe littafin na tura shi ƙarƙashin kayana. A tunanina na lokacin, in na ƙarasa shi na ga telan ya makance, to na ga abin da ke jiran Baba ke nan.

Akwai abin da ya ƙara ruɗa ni. Bayan sallar la'asar ina addu'a, sai na ji bakina yana cewa Allah ya ba tela lafiyar idonsa. Na tsaya cak. Mutumin da babu shi, wani ne ya zauna ya ƙirƙiro shi, shi nake roƙa wa Allah lafiya? Na yi istigfari, na sake ɗaga hannu don in roƙa wa Baba, amma fuskokin biyu suka ƙi rabuwa a zuciyata. Na shiga tsoron ko na yi saɓo, ga kuma tsoron da nake ciki tun farko. Abinci ya daina shiga. Inna ta tambaye ni ko zazzaɓi ne, na ce a'a.

Ranar da aka zo tattauna littafin a aji, malamin Hausa ya nuna ni. Dattijo ne mai magana a hankali, ba ya duka.

“Ke, a ganinki me ya sa telan ya ɓoye wa mahaifiyarsa?”

Na miƙe na ce, “Malam, ban ƙarasa littafin ba.”

'Yan aji suka yi dariya, don sun san ni da riga kowa gama karatu. Malam ya wuce kan wata. Da aka tashi tara ya kira ni bakin baranda ya tambaye ni dalili. Na so in ce aikin gida ne ya yi min yawa, amma sai na ji na ce, “Tsoro nake ji.” Daga nan na gaya masa komai, har zancen addu'ar.

Sai ya ce, “Addu'ar nan kada ta dame ki. Tausayi ne ya motsa, kuma akwai masu irin ciwon telan da yawa a duniya, Allah ya san inda zai kai ta. Batun ido kuwa, littafin nan ba likita ba ne, ni ma ba likita ba ne. Ciwon ido iri-iri ne. Ki je ki gaya wa mahaifiyarki yau.”

Na tarar da Inna tana tankaɗe garin dawa a ƙofar ɗakin girki. Na durƙusa kusa da ita na faɗa mata abin da na lura da shi, ina jiran ta ce in rufe mata baki. Ba ta daina kaɗa rariya ba.

“Na gani tun kafin kaka,” in ji ta. “Na yi masa magana ya ce gajiya ce. Ke za ki faɗa masa. Ke ce uwarsa, ba zai ce miki gajiya ba.”

Jin cewa ita ma ta gani ya tsorata ni, amma kuma sai na ji nauyin ya ragu, tunda ba ni kaɗai nake ɗauke da shi ba.

Washegari Alhamis, babu karatun allo. Da na dawo daga makaranta na sami Baba a gindin darbejiya shi kaɗai. Ban san ta inda zan fara ba, sai na ce an ba mu wani labari a makaranta, ina so in ba shi. Na yi zaton zai ce ba shi da lokacin labarin ƙarya, don ban taɓa ganinsa da irin waɗannan littattafai ba. Sai ya ajiye hular da ke hannunsa ya ce yana ji. Na ba shi labarin telan tun daga farko, da tsohuwar, da allurar, da keken da aka jawo bakin ƙofa, har zuwa yadin amarya.

“To sai aka yi yaya?”

“Ban sani ba, Baba. A nan na tsaya.”

“Kin kawo min rabin labari ke nan?” Ya fara murmushi, sai ya dubi fuskata, murmushin ya tsaya. Ya dubi tabarmar da yake kai, ya dubi ƙofar zauren. 

“Wasulla ne suka fara gudu,” ya ce daga baya. “Baƙaƙen ina ganinsu, amma wasulla da ɗigo sai su haɗe. Yara ba su gane ba, saboda da ka nake biya musu. Ni ma abin yana raina, uwata. Kakanki a ƙarshen rayuwarsa da sanda ake jansa.”

Ban taɓa jin Baba ya ce wani abu yana ransa ba. Na ce masa malaminmu ya ce ciwon ido iri-iri ne, sai an duba ake sani. Ya gyaɗa kai, ya ce zai yi shawara da Inna.

Ranar kasuwa ya shiga bas zuwa Kano. Yayan Inna yana zaune a Rijiyar Zaki, a wurinsa ya sauka, shi ya raka shi asibitin ido. Ranar da zai dawo na kasa zama a aji. Ana tashi na kamo hanya da sauri, ban tsaya jiran ƙawayena ba. Tun daga nesa na hango shi zaune a cikin zaure, ba a waje ba, da wani abu yana ƙyalli a fuskarsa. Tabarau ne mai baƙin ƙarfe, ya ɗan yi masa girma, yana zamowa kan hanci. Alƙur'ani ne buɗe a gabansa, ƙaramin nan da ya daɗe bai ɗauko ba.

“Likita ya ce girma ne,” in ji shi. “Ya haska, ya auna, ya ce idon lafiyarsa ƙalau, ya dai gaji da kallon abu na kusa. Ya ce yawancin sa'o'ina haka suke. Wai da na zo tun bara da na huta da ciwon kai.”

Na zauna a dakalin zaure. Ban yi kuka ba, dariya ce ta zo min, irin wadda ba ta tsayawa, har Inna ta leƙo ta ga ko lafiya. Ita ma da ta dubi Baba da tabarau a karan hanci sai ta juya baya tana rufe baki da mayafi. A ranar na ci tuwo har na nemi ƙari.

Baba ne ya ce sai an ƙarasa masa labarin, ba ya son abu rabi. Sai ya zama kullum bayan la'asar ina karanta musu babi ɗaya a tsakar gida, shi yana ɗinki, Inna tana gyaran kayan miya. Telan dai ya makance. Da muka zo wurin na yi hawaye, amma hawaye ne mai sauƙi, na tausayin wani, kuma ina ɗaga kai ina ganin Baba yana soka allurarsa daidai inda yake so. A ƙarshe telan ya koya wa wasu samari ɗinki da baki da lalube, shagon bai mutu ba.

Kowannenmu da abin da ya ɗauka. Baba haushin telan ya ji. Ya ce mutum yana da ƙafa, ga asibiti, ya zauna yana ɓoye-ɓoye har abu ya lalace. Inna ta dube shi ta gefen ido, shi kuma ya ci gaba da ɗinkinsa kamar bai gani ba. Ita tsohuwar ce ta tsaya mata a rai. Ta ce marubucin bai san uwa ba, babu yadda za a yi ɗanka ya riƙa laluben ƙofa a gabanka ka kasa ganewa. Ni kuwa na ga ƙarshen ya zo da gaggawa, kamar marubucin ya gaji. An ɗauki babi da yawa ana jin tsoro, sannan aka ba zaman lafiyar shafi biyu kacal.

Na kai wa malamin Hausa waɗannan ra'ayoyi uku. Ya saurara har ƙarshe, ya ce na Inna ya fi ƙarfi, kuma bai taɓa lura da shi ba duk shekarun da ya yi yana koyar da littafin. Ya sa na maimaita shi a gaban aji. Gardama ta kaure, wasu suna cewa tsohuwar ta sani shiru kawai ta yi, wasu suna cewa a'a, har aka kaɗa ƙararrawa ba a gama ba. Ranar na fara sanin cewa ana iya son littafi kuma a yi masa gardama.

Da ruwan farko ya sauka, gari ya fita shuka. Baba ya saɓi sungumi ya nufi ƙofa da tabaransa a fuska, don ya saba da shi har yana mantawa. Inna ta tsayar da shi, ta ce likita na karatu ya ba shi, ba na gona ba. Ya cire ya miƙa mata, ta naɗe shi a ƙyalle ta sa a cikin kwalla. Muka bi bayansa da ƙwaryar iri, yana sara muna zuba gero muna rufewa da ƙafa, har rana ta ɗaga.