Motarmu a Kan Burtali

Mijina in ya ga abu a waya, to sai ya yi shi. Ya ga Turawa suna kwana a mota suna hawan duwatsu, sai ya sayo tsohuwar bas, ya cire kujeru, ya shimfiɗa katifu. Na yi faɗa har bakina ya gaji. Ƙarshen damina, dawa ta fitar da kai, ya kwashe mu: ni, 'yan matanmu biyu, da mahaifiyarsa, Inna, wadda ta ce ba ita ce mai gadin gida ba.

Muka wuce Bagudo, muka nufi wani dutse dab da iyakar Benin. Hanyar mota ta ƙare a wani siririn fili tsakanin gonakin dawa biyu, ƙasarsa a daddale kamar daɓe. Nan ya gindaya bas ɗin, ya jefa makulli a aljihu. Inna ta ce gwiwoyinta ba na hawan dutse ba ne, ga ƙauye kusa har ana jin daka, mu bar mata ruwa da tabarma mu tafi.

Mun kai ƙololuwa kafin magariba, muka kwana a kan falalen dutse. Ba zan yi ƙarya ba, wurin da kyau. Da gari ya waye na leƙa ƙasa ina neman motarmu. Daga sama, filin nan ba fili ba ne. Doguwar hanya ce da ta taso daga yamma, ta ratsa gonaki har bakin ruwa. Burtali ne, hanyar shanu, kuma mun toshe shi. Ni da aka haifa a Zagga, cikin makiyaya, a ce ban gane burtali ba!

Can nesa garke yana tahowa, fari fat.

"Malam," na ce wa mijina, "duba abin da munka yi."

Ya duba. Sai ya zura da gudu.

Kowa a ƙasarmu ya san abin da ke biyo baya in shanu suka faɗa gonar da ta kusa girbi. Ba a tsayawa tambayar wa ya tare hanya. Na kira wayar Inna, tawa ta kama layin Benin, ta ƙi shiga. Na riƙe yaran muna gangarowa, tsakuwa tana zame mana, ƙaramar tana kuka ina daka mata tsawa ba laifinta.

A rabin hanya na hango shanun farko sun isa motar. Suka cirje, na baya suka turo su, suka fantsama gefen dawar. Makiyayinsu yana ta kora da sanda. Sai ga wani mutum ya fito daga gonar a guje, abu yana walƙiya a hannunsa. Daga nan duwatsu suka kare mini gani. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan saukar ba, kuma ban taɓa jin haushin mijina da kaina haka ba.

Da muka iso, mijina ya riga ya janye motar, shanun ƙarshe suna wucewa. Kunya uku ko huɗu na dawa sun kwanta. Makiyayin, wani dattijo, yana tsaye nesa kaɗan, ya sunkuyar da kai. Manomin yana bakin gonarsa da adda, idanunsa jawur. Inna tana durƙushe a ƙasa gabansa, kallabinta ya faɗi, ta riƙe wuyan hannunsa da hannu biyu.

Daga baya muka ji ta ce masa motar ɗanta ce, in sara zai yi ya fara da ita. Tun fitowarsa daga gonar take riƙe da shi.

Na ce, "Inna, tashi, an gama."

Ba ta ko dube ni ba. Yatsunta sun ƙage, sun ƙi buɗuwa. Manomin ya saki addar ta faɗi, ya durƙusa, ya riƙa ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya.

"Sake ni, tsohuwa," ya ce a hankali. "Sun wuce. Wallahi ba ni taɓa kowa."