Jawabin Belarmino ta Tsakanin Ƙafafu

Ƙanena Belarmino bai taɓa barin wani ya kai ƙarshen magana ba, kuma bai taɓa ɓoye wannan halin ba. Da bakinsa yake cewa, "Idan na san inda maganarka za ta sauka, me zai sa in tsaya jira?" Ba ya sani ɗin. Shekarunsa saba'in da ɗaya, na girme shi da huɗu, amma tunda ya fara haɗa kalmomi ban sake gama jimla a gabansa ba. Ranar aurensa Fada, limamin cocinmu, bai gama tambaya ba ya ce ya yarda, sannan ya amsa wa amaryar, Custodia, tata tambayar.

Shekara talatin yana sauko da madara daga gonakin kan tudu zuwa wurin masu yin cuku, tulunan ƙarfe biyu ɗaure a bayan keke. Ba zan rage shi ba, ƙafa kam yana da ita. A nan yankinmu na Boyacá kowane namiji gani yake da ba don talauci ba da shi ne zakaran tseren keke na duniya, amma Belarmino ya ɗan fi sauran hujja. Da motar madara ta zo ta ƙwace aikin, sai ya koma hawan keke na nishaɗi. Ya sayi matsattsen wando irin na 'yan tsere, wanda bai kamata mai jikoki tara ya fita da shi da rana ba. Shi da wasu tsofaffi goma sha ɗaya suka kafa ƙungiya. Aka naɗa shi shugaba, don ranar zaɓen ba wanda ya samu sararin ambatar wani suna.

Shugabancin tare yake tafiya da wata jar lasifika ta hannu, mai batir. Kowace shekara ranar bikin waliyyin garinmu, tsofaffin suna tsere daga bakin coci zuwa Tudun Gicciye, kilomita goma sha huɗu, duk hawa. Mu mata da Fada da magajin gari da masu bushe-bushe sai mu riga su zuwa a motar dankali. A can sama shugaba yake jawabi, sannan a ci abinci. Shekara goma sha bakwai Belarmino yana wannan jawabi, mafi gajarta minti arba'in ne, a wurin da iska ke ratsa bargon ulu biyu. Miya ta daskare a tukunya, yara su yi barci, shi yana kan labarin kekensa na farko.

Duk mai hawa da sauka a tudunmu ya san kunne na toshewa. Ka haɗiye yawu ko ka yi hamma, ya yi ɗas, ya buɗe. Ba abin kai wa likita ba ne. Na Belarmino daban ya zo, kuma shi ya jawo wa kansa. Mataimakinsa a ƙungiya, Siervo, mai sayar da taki, ya riga shi isa sama shekara biyu a jere. Belarmino ya ce nauyi ne ya yi masa yawa. Ya daina cin dankali, ya daina cin shinkafa, ya koma baƙin kofi safe da rana. Cikin wata uku ya zama kamar raken da aka tsotse aka yar.

Wata Lahadi ina ɗakin girkin Custodia muna ɓarar wake, ya shigo daga motsa jiki, gumi na ɗiga. Bai ce komai ba. Ni da Custodia muka dubi juna. Can sai na ga leɓensa na motsi.

Na ce, "Me ka ce?"

Ya matso, murya kamar ta mai sayar da kayan sata. "Yaya, kaina ya zama tulu."

"Dama."

"Ba wasa nake ba. Ina kaiwa sama sai kunnen hagu ya yi ɗas, ya ƙi komawa. Numfashi in na yi, kamar saniya na huci cikin ƙwaƙwalwata. Maganarku can nesa nake jinta. Amma in ni na buɗe baki, sai in ji kamar wani ƙato ya kafa mini baki a kunne yana ihu, yana ihu, ba ya tsayawa."

Custodia ko kai ba ta ɗaga daga kan waken ba. Ta ce, "Sannu da zuwa. Mu shekararmu arba'in da shida a nan."

Bayan kamar awa ɗaya abin ya sake shi, ya rama duk maganar da ya rasa. Amma Lahadin gaba ya dawo, ta gaba ma haka. Da ƙyar Custodia ta ja shi wurin ma'aikaciyar jinya. Matar ta ce akwai wata 'yar hanya tsakanin kunne da maƙogwaro, a rufe take zama sai mutum ya haɗiye ko ya yi hamma. Shi kuwa rama da gumi da yawan kofi sun sa tasa takan tsaya a buɗe, shi ya sa muryarsa ke bi ta ciki ta doki kunnen. Ta ce ya ci abinci, ya sha ruwa. A nan ya katse ta, ya shiga yi mata bayanin yadda zakaru ke cin abinci, ya fita. Custodia ce ta tsaya ta karɓi sauran: in abin ya kama shi, ya sunkuyar da kai ƙasa sosai tsakanin gwiwoyi, hanyar za ta rufe.

Da ta faɗa masa a gida ya ce, "Ni? In kifa kai a gaban mutane? Ko a coci gwiwa ɗaya nake sawa."

Sirri a garinmu kwana biyu yake yi. Ranar Laraba na shiga shagon shayi na bakin kasuwa, na tarar da 'yan ƙungiyar sun cika benci, Siervo na tsakiya yana karkaɗa kofi, Belarmino na zaune a gefe.

Siervo ya ce, "Ranka ya daɗe, shugaba, an ce yanzu kai ma kana jin abin da muke ji?"

"Kunnena lafiya lau, kai ka..."

"To madalla. Don dai ƙa'ida ta bakwai ce ta faɗo mini a rai. Shugaba da ƙafarsa zai hau tudu, ba a motar dankali ba. In ya isa ya kasa jawabi, mataimaki ya karɓi lasifika, ya karɓi kujera. Wa ya rubuta ta ma? Na manta."

Belarmino ne ya rubuta ta, shekarun baya, don ya toshe wa wani mai ciwon gwiwa hanya. Bai kuma saba a katse shi ba.

Siervo ya juyo gare ni. "Doña Tránsito, ki ba ƙanenki shawara. Akwai wuri a mota kusa da tukunyar miya. Ɗumi ma ya fi."

Na ce masa ni ban haifi Belarmino ba, ban kuma aure shi ba, kowa ya ji da nasa.

Sauran sati uku biki. Mai hankali sai ya zauna ya ci dankali ya yi ƙiba. Belarmino ya lissafa cewa in ya ci, Siervo zai wuce shi, in bai ci ba, kunne zai ci shi. Ya zaɓi ya samu duka biyun ta hanyar da ya saba, wato ya ƙi sauraron kowa. Ya ƙara kofi.

Ranar bikin akwai yayyafi. Muka isa sama muka hura wuta, muka ɗora ruwan mazarƙwaila, muka jira. Belarmino ya zo na bakwai. Siervo na takwas, tsakaninsu bai fi tsawon keke ba. Na ɗaya zuwa na shida ba wanda ya kula da su. Aka taimaka wa shugaba ya hau bayan motar dankali, aka miƙa masa jar lasifika. Ya gyara tsayuwa, ya buɗe baki.

"Jama'a..."

Ya zabura kamar an mare shi, ya dafe kunnen hagu. Ya sake gwadawa a hankali. Muna ganin baki na motsi, iska na kwashe abin da ke fita. Wani daga baya ya ɗaga murya, "Ba ma ji!" Tunda aka kafa garin ba a taɓa faɗa wa Belarmino wannan kalma ba. Ya haɗiye yawu. Ya yi hamma. Ya toshe hanci ya hura har idonsa ya yi ja. Siervo ya jingine kekensa, ya tako a hankali, ya miƙa hannu sama.

Custodia ta ajiye ludayi, ta ratsa mutane har jikin motar. Ba ta rage murya ba. "Sunkuya, tsoho. Sunkuya ko ka miƙa masa."

Ya dube ta, ya dubi hannun Siervo. Ya sunkuya. Muka ga fuskarsa ta saki, abin ya rufe. Ya ɗago da murna ya ce, "Jama'ar wannan..." sai ya sake dafe kunne. Yana miƙewa hanyar na buɗewa. Ya koma ƙasa. To amma in mutum ya kifa kai yana fuskantar jama'a, baya lasifikarsa ke kallo. Belarmino bai taɓa rasa dabara ba in magana ce. Ya juya mana baya, ya ware ƙafafu, ya kifa kai, ya zuro jar lasifika ta tsakaninsu. Matsattsen wandon nan ya yi saitin magajin gari da Fada, waɗanda ke kujerar gaba.

Murya ta fito tas. Ya gaishe da manya, ya gode wa waliyyi, ya sanar cewa Siervo ya zo na takwas, ya maimaita. Ya ɗauko labarin kekensa na farko, amma jini ya riga ya cika masa fuska, ta koma kalar gwazan da ya ƙone. Ya ce, "A ci abinci," ya zube a kan buhu. Minti huɗu. Na duba agogo.

Ban taɓa jin tafi irin na ranar ba. Masu bushe-bushe suka kama kiɗa ba wanda ya sa su. Muka sha miya da zafinta.

Siervo bai haƙura ba. Ya ce wannan ba jawabi ba ne, rashin kunya ne. Aka kai ƙara gaban Fada, wanda bai gama share hawayen dariya ba. Ya sa aka karanta masa ƙa'ida ta bakwai, ya ce shi bai ji inda aka faɗi ta wane gefe shugaba zai fuskanci jama'a ba. Tsofaffin suka ɗaga hannu nan take, goma suka ce Belarmino ya ci gaba, da sharaɗi ɗaya: kowace shekara a haka zai yi jawabin. Ya karɓa kafin su gama faɗa.

A hanyar saukowa na tambayi Custodia me ya kai ta, ga hutu ya zo mata har gida ta kore shi. Ta ce, "Yaya, in aka ƙwace masa lasifika, wa ya rage masa ya yi wa jawabi? Ni kaɗai."

Yanzu ya koma cin dankali, ya yi ɗan kumari, kunnen ya daina damunsa sai jefi-jefi. Ya je wurin 'yan ƙungiya ya ce tunda ya warke a janye sharaɗin. Suka ce kunne ne ya warke, ƙa'ida lafiyarta ƙalau dama.

Ranar nan ba wanda bai ɗauki hoto da waya ba. Mai shagon shayi ya wanke ɗaya babba, ya sa a gilashi, ya rataye saman benci: ƙafafu biyu kamar na zalɓe, wando, jar lasifika, da fuskar ƙanena a juye tana leƙowa. Ina wurin ranar da ya shigo ya gani. Kowa na jiran ya sa a sauke. Ya daɗe yana kallo, ya karkata kai hagu, ya karkata dama. Sannan ya ce wa mai shagon da duk wanda ke zaune:

"Hoton ya yi kyau, ba wanda zai taɓa shi. Abu ɗaya nake roƙo. Kai da duk mai irinsa a gida, ku juya shi ku rataye, ƙafafun su koma sama. Mutum in ya shigo, ya ga fuskar shugaba a tsaye."